Gidan gona mai shekara 250 yana tsaye a Ingila, soron kakana ya zube: ina gizo ke saƙar?

Bakanon_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga tafiya. Watan jiya na je Leeds bikin kammala karatun ɗana. Ranar Asabar ya ce, Baba zo in kai ka wani gida a bayan gari. Sunan gidan Harewood, kamar mil 7 arewa da birnin. Wani attajiri ne mai suna Edwin Lascelles ya gina shi, an aza harsashi a 1759 aka gama a 1771. A tsakiyar makiyaya da itatuwa yake, sai ka yi tafiya mai ɗan nisa daga ƙofar shiga kafin ka hango shi.

Gani ya kori ji. A wani dogon falo da tsawonsa ya haura ƙafa 70, na ɗaga kai na ga labule a saman tagogi, da tattararsa da gezarsa. Yaron ya ce in ƙara dubawa. Ashe katako ne aka sassaƙa aka shafa wa fenti, aikin wani kafinta Thomas Chippendale, kuma har yau ko tsagewa ban ga ya yi ba. A ƙasa kuma ga ɗakin girki, tukwanen jan ƙarfe a jere suna ƙyalli kamar jiya aka sauke su daga murhu.

Ina tsaye a wurin sai soron kakana ya faɗo mini a rai. A ƙauyenmu yake, ƙasar Kazaure. Soro ne mai rufi irin na ɗaurin guga, da zankwaye huɗu, da dagi a goshin zaure. Bai kai shekara 90 ba. Damina biyu da suka wuce rufin ya rufta, yanzu awaki ke kwana a ciki. Don Allah ina tambaya: me suka sani da mu ba mu sani ba? Dutse ne ya fi ƙasa, ko kuɗi ne, ko dai mu ne ba mu damu ba?

Dan_Mile12:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kuɗi ne, babu wani abu. Wanda yake neman na cefane ba ya tunanin zanko.

Magini_IdiAraba:
Alhaji, barka da dawowa. Ni gidanmu gidan magina ne, kakana da ubana da ƙasa suka yi aiki, ni ne na koma bulo da siminti da na zo Legas. Kada a ɗora wa ƙasa laifi. Ginin tubali da aka yi shi yadda ya kamata yana kai jika da tattaɓa kunne. Ana kwaɓa ƙasar da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwanaki ana zuba ruwa ana tattakawa, sannan a mulmula tubali a shanya. Rufi kuma da azarar giginya, wadda gara ba ta ci. A kai a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Masu hali su sa laso: katsi daga karofi, da gashin jima, da dafara. In laso ya kama, ruwa zamewa yake yi.

Amma ginin ƙasa kamar dabba yake, kullum yana son kiwo. Kafin kowace damina sai an hau an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro kwana uku, azara ta jiƙa, shi ke nan. Ina tambayarka Alhaji, yaushe rabon da a yi wa soron nan yaɓe kafin ya faɗi?

Bakanon_Agege:
Malam Magini, gaskiya tun rasuwar ƙanin mahaifina. Shi ne mai hawa. Ya kai shekara 11.

Magini_IdiAraba:
To ka ga ni. Shekara 11 babu yaɓe kuma ya tsaya har tara daga ciki, wannan soro ai ya yi ƙoƙari. Shi ma gidan Turawan da za a bar rufinsa yana yoyo shekara goma, da ka tarar da wani labari.

Malamar_Tarihi:
Baba Alhaji, ina neman afuwa, amma kafin mu yi ta yabon gidan nan ya kamata a faɗi inda kuɗinsa ya fito. Mahaifin Edwin, wato Henry Lascelles, a tsibirin Babados ya tara dukiyarsa: cinikin sukari, da riƙe kwastan, da ba masu gonakin rake bashi, da hannu a fataucin bayi. Da wannan kuɗin ya sayi ƙasar Harewood a ƙarshen shekarun 1730. Waɗanda suka sare raken nan a rana 'yan Afirka ne. Da majalisar Birtaniya ta yi dokar hana bauta a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya, kuma masu bayin aka biya, bayin ba su ga ko sisi ba. Gidan Lascelles sun karɓi fam dubu 26 da 'yan kai a kan bayi 1,277.

Duk lokacin da na kai ɗalibaina Badagry muka shiga ɗakunan ajiye bayi na gidan Seriki Abass, yara kan yi tsit saboda ƙanƙantar ɗakin da duhunsa. Wannan ɗakin da wancan falon mai labulen katako, igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ban ce kada a adana gidan ba. A adana, amma a faɗi gaskiyarsa.

Bakanon_Agege:
'Yata, kin yi gaskiya, kuma a wurin ma ba su ɓoye ba. Na ga an rubuta maganar bayin, kuma ɗana ya ce iyalan gidan da kansu sun fito sun amsa ta.

Dattijon_Zango:
Malama ta faɗi nasu, bari in faɗi namu, don kada mu ga kamar hannunmu a wanke yake. Sarakunanmu ma suna da gidajen bayan gari. Fanisau da ke arewa da Kano ribaɗi ce tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo, akwai gidan sarki a can, kewaye da gandaye. Su wa suka nome gandun sarki? Bayi. Kalmar rinji ma ai ma'anarta ke nan, ƙauyen bayi a gona. Mun san garuruwa da unguwanni masu suna Rinji da Gandu har gobe. Saboda haka babban gida a tsakiyar gona, a nan ko a can, da wuya ka tona ƙarƙashinsa ba ka sami gumin wanda ba a biya ba.

Abu_Sadiq:
Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda a haɗa su ba. Wanda aka ɗaure aka tsallaka teku da shi, aka raba shi da harshensa da sunansa, ba ɗaya yake da bawan gandu da ake ba shi gayauna yana noma wa kansa, har wani ya yi murgu ya fanshi kansa ba.

Dattijon_Zango:
Ɗana, ban ce ɗaya suke ba. Na ce shi ma bawan gandu ba da son ransa ya bar garinsu ba. Ka tambayi zuriyarsu in sun yarda su yi maganar.

Injiniya_Apapa:
Mu ɗan koma kan ginin kansa, don tambayar Alhaji ke nan. Salon da aka bi a Harewood ya samo asali daga wani magini ɗan Italiya, Andrea Palladio, na ƙarni na 16: babban gini a tsakiya, fukafukai biyu dama da hagu, kowace taga tana da takwararta a ɗaya gefen. John Carr na birnin York ne ya zana jikin gidan, Robert Adam ya yi cikinsa, shi ya sa silin da darduma a wasu ɗakunan suke amsa wa juna da zane iri ɗaya. A shekarun 1840 aka kira Charles Barry, wanda ya zana ginin majalisar dokokin Birtaniya a Landan, ya ƙara bene ya kuma yi faffaɗan dandamalin da ke kallon kudu. Kun ga ke nan su ma ba barinsa suka yi yadda yake ba, kowane zamani ya taɓa shi.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne dajin. Alhaji, tafkin da ka gani da tuddan da itatuwan, ba haka Allah ya ajiye su ba, tsara su aka yi. Wani mai suna Lancelot Brown ne ya yi aikin a shekarun 1770: a tare rafi ya zama tafki, a kwashe ƙasa nan a zuba can, a dasa itatuwa rukuni-rukuni. Mutumin da ya biya kuɗin dashen ya san ba zai ga girmansu ba. A irin waɗannan gidaje har rami suke haƙawa mai bango a ciki maimakon shinge, don tumaki kada su iso gida, kuma mai kallo daga taga kada wani abu ya tare masa ido.

Bambancin da na fi gani tsakaninsu da mu shi ne wannan. Gidansu waje yake kallo, an gina shi don a hango shi daga nesa. Namu ciki yake kallo: zaure, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida, kuma ba a jera ƙofofin a saiti ɗaya don idon baƙo kada ya wuce. Kyan namu sai wanda aka yarda ya shiga.

Ummu_Khalil:
Na taɓa ji a rediyo cewa duk irin gidajen nan wata ƙungiya ce National Trust take riƙe da su. Ita ce mai wannan ɗin ma?

Lauya_Obalende:
A'a Hajiya. Ƙungiyar tana nan, tun 1895 aka kafa ta, kuma tana riƙe da gidaje masu yawa, amma Harewood gidauniyarsa daban ce.

Ni a ganina amsar Alhaji tana cikin abu biyu, gado da doka. Manyan gidajen Ingila babban ɗa namiji ne yake gaje gida da ƙasa da sarauta gaba ɗaya, ƙannensa su shiga soja ko coci ko su tafi neman arziki. Dukiya ba ta rabuwa, shi ya sa ake samun mutum ɗaya da rufin ya zama dolensa. Soron kakan Alhaji kuwa, in an ƙirga magada yanzu za su haura talatin, kowa yana jiran wani ya fara.

Kuma kada a zaci su ba su yi asara ba. Bayan yaƙin duniya na biyu harajin gado ya kai kashi 80 cikin 100 a kan manyan dukiyoyi, ma'aikata sun yi tsada, aka rushe ɗaruruwan irin waɗannan gidaje a shekarun 1950. Su kansu mutanen Harewood sai da suka sayar da ƙasa mai yawa bayan rasuwar maigidan a 1947, suka buɗe ƙofa jama'a suna biya suna shiga. Abin da ya tsayar da rushe-rushen shi ne dokar sa gini cikin jerin kariya, wadda ta kafu a shekarun 1940 aka yi ta ƙara mata ƙarfi. Harewood yana rukuni na ɗaya. Ko taga kake son canzawa sai ka nemi izini, in ka yi gaban kanka kotu ce.

Mu ma fa muna da doka. Akwai hukumar gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa tun 1979. Amma duk wanda ya daɗe a Legas ya san Ilojo Bar, wanda a da yake tsaye a dandalin Tinubu, bene irin na waɗanda suka dawo daga Birazil, ginin 1855. Tun 1956 aka ayyana shi abin tarihi na ƙasa. Ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, aka wayi gari katafila ta baje shi. Na wuce ta wurin bayan Sallah, tarin ƙasa da ɓaraguzai kawai na gani, na tsaya na rasa abin cewa.

Alaramma_AlabaRago:
Barista, ina so in gyara wani abu don kada wani ya karanta ya fahimci cewa rabon gado ne matsala. Rabon gado hukuncin Allah ne, kuma adalcinsa ya fi na barin ƙanne da mata hannu rabbana don gini ya tsaya. Amma shari'a ba ta bar mu babu mafita ba. Akwai waƙafi. Sayyidina Umar ya sami ƙasa a Khaibar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Mutum yana iya yin haka da gidansa yana raye da lafiyarsa, ko ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Magada ma in sun haɗa baki za su iya. A mai da zauren makarantar allo, a haɗa shi da gona ɗaya da amfaninta zai riƙa biyan yaɓe. Gidauniyar da Barista yake magana ai kusan wannan ce.

Lauya_Obalende:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Ba hukuncin nake zargi ba, rashin haɗa bakin magada nake nufi.

Hajiyar_Goro:
Duk maza ne ke ta yabon soro, bari mu da muka zauna a cikinsa mu yi magana. A gidan ƙasa aka kai ni amarya. Sanyinsa da bazara gaskiya ne, ka shiga da azahar kamar ka shiga randa. Amma ni ce nake tashi da tsakar dare ina jera kwanuka a ƙarƙashin yoyo, ni ce na kwashe yara muka kwana a zaure ranar da bango ya fara zubar da ƙasa, kuma kunama biyu na kashe a bayan gadona a wata ɗaya. Ranar da maigidan, Allah ya jiƙansa, ya buga mana kwano, har sadaka na yi. Saboda haka wanda yake zaune a Legas cikin fanka kada ya ce wa na ƙauye dole ya zauna a ginin ƙasa don tarihi.

Kuma Alhaji, tukwanen jan ƙarfen da ka ce suna ƙyalli a ƙasan bene, ni 'yan aikin da suka yi ta gugar su na tuna.

Duk da haka, ɗakin kakata da jeren tasoshinta har rufi, da zanen da aka yi wa bangon da farar ƙasa, da ina da hotonsa ko ɗaya da na fi kowa murna. Ko shi ba mu ajiye ba.

Dan_Mile12:
Hajiya ta gama magana. Na ce kuɗi ne, ga shi kowa ya zagaya ya dawo kan kuɗi.

Injiniya_Apapa:
Ba duka ba, ɗan'uwa. Na ga masu kuɗi sun kashe gidan ƙasa da kuɗinsu. Sai a zo a lulluɓe bangon da filastar siminti wai an gyara. Siminti ba ya numfashi, danshi ya shiga ta ƙasa ko ta tsaga ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta zama kunu, wata rana filastar ta ɓalle da rabin bango. Wannan rashin sani ne. Maginan da suka san laso suna ƙarewa, karofin da ake samun katsi ma saura kaɗan.

Direban_Tirela:
Ni mutumin Bauchi ne, kuma ina mamaki har yanzu ba wanda ya ambaci Kafin Madaki. Gidan Madaki yana nan a ƙaramar hukumar Ganjuwa, a karkara, ginin ƙasa, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim. Shi ma a 1956 aka sa shi cikin abubuwan tarihi na ƙasa, shekara ɗaya da gidan da Barista ya ce an rushe. Na shiga sau biyu. In ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo suka taso daga bango suka haɗu a sama, babu ƙarfe babu siminti, sai ka riƙe baki. Ya haura shekara 150. Don haka Alhaji, muna da namu, zuwa ne ba ma yi. Mutum zai biya kuɗin jirgi ya ga na Ingila, na Ganjuwa kuwa bai san da shi ba.

Bakanon_Agege:
Wannan magana ta same ni, kuma na karɓa. Shekarata 58 ban taɓa jin sunan gidan nan ba.

Malamar_Tarihi:
A nan Legas ma akwai abin da ya tsira. Masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins tun 1894 yake, ana salla a cikinsa har yau. Gidan Jaekel da ke harabar jirgin ƙasa a Ebute Metta, na 1898, wata ƙungiyar sa-kai ce ta gyara shi ya zama ɗan gidan tarihi. Na lura duk wanda ya tsira, akwai masu shiga da fita a cikinsa kullum. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano ma haka.

Dattijon_Zango:
Ku da kuke Agege, kun san ƙasar da kuke takawa gonaki ce? Mahaifina da goro ya zo nan, yana ba mu labarin gonakin koko da goro daga Agege har Ifako, na su J.K. Coker da abokansa, har ƙungiyar manoma suka kafa a 1907. Jirgin ƙasa na tsayawa a loda huhun goro zuwa Arewa, dalilin zaman Hausawa a Zango ke nan. Ni da idona na riski sauran itatuwan goro a wuraren da yanzu gidajen haya ne da shaguna. Da an bar ko eka biyar da gidan gona ɗaya, da yau muna da inda za mu kai jikoki mu ce ga abin da ya kawo kakanninku.

Abu_Sadiq:
Baba, a Legas eka biyar? Fuloti ɗaya ma ana kwana a kotu a kansa. Birnin da mutane ke kwana a ƙarƙashin gada, ban ga yadda za a ce a bar fili don itacen goro ba.

Ummu_Khalil:
Amma ai an bar dajin Lekki, ana biya ana shiga, yara suna ganin birai. In an so ana iyawa.

Bakanon_Agege:
Na gode wa kowa. Daren jiya na kira ƙanena a gida na sa ya zagaya da waya yana nuna mini. Soron ciki ya tafi, babu batun tada shi. Amma zauren yana tsaye, dagin goshinsa yana nan, zanko biyu sun rage, sai tsaga ɗaya a bangon gabas da hannu ke shiga. Azarorin da suka faɗo ma an jingine su a bayan rumbu, ya ce yawancinsu ba su ruɓe ba. Maganar Alaramma ta zauna mini, zan tuntuɓi yayyena mata da sauran magada in mun haɗu da Sallah, ko da yake na san akwai mutum biyu da suka fi son a sayar da filin. Malam Magini, tsagar nan tana gyaruwa?

Magini_IdiAraba:
Sai na gani, Alhaji. Ka ce ya ɗauko hoton tsagar daga sama har ƙasa, da gindin bangon ta waje, da indararon. In daga sama ta taso, ruwan rufi ne, ana ɗinke ta da guntayen azara a cike da ƙasa. In daga gindi ta taso kuma bangon ya fara kumbura, wannan sai an sauke shi an sake ɗorawa. Kafin nan kada kowa ya kusance shi da siminti, a fitar da awakin, a share indararo, a tona 'yar hanya ruwa ya daina kwanciya a gindin. Azarorin kuma a ɗaga su daga ƙasa a sa a inuwa. Akwai wani tsoho abokin mahaifina a wajen Ɗambatta da har yanzu yake haɗa makuba, zan bincika ko yana da sauran ƙarfin hawa.

Hajiyar_Goro:
Alhaji, ko me magada suka yanke, a fara ɗaukar hoton dagin nan tun yau. Hadari ya fara haɗuwa a Arewa.